Na rabu da ƙwayar barci, yaushe zan iya komawa giya?

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara huɗu da 'yan watanni da suka wuce, bayan rasuwar mahaifina, barci ya ƙaurace mini, gabana yana ta faɗuwa ba gaira ba dalili. Likita ya rubuta mini diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, a kan na 'yan makonni ne, sai ga shi na shekara uku ina sha. Da taimakon wani likitan na yi wata tara ina ragewa kaɗan-kaɗan, yau wata biyar ke nan ko rabi ban sa a bakina ba. Kafin ƙwayar nakan sha giya a ƙarshen mako, wani lokaci har in wuce gona da iri, amma na daina tun da aka ce kada in haɗa su. Kwana goma sha biyu da suka wuce na sha kwalba biyu tare da tsofaffin abokaina. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Ƙarfe uku na farka a firgice, zuciyata tana dukan uku-uku, gumi ya jiƙa ni sharkaf, kunnuwana suna ƙara. Kwana huɗu na yi kamar na koma farkon barin ƙwayar. Yanzu da sauƙi, sai dai barcin bai daidaita ba. Na rusa duk wahalar da na sha ke nan? Yaushe jikina zai iya ɗaukar giya kamar na kowa? Akwai ragowar ƙwayoyi a durowata, ko in sha rabi ko zan daidaita? Matata ba ta san na sha ba, likitana ma haka.

Mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, kai kuma ya ƙara maka lafiya.

Bari in fara sauke maka nauyin da ya fi danne ka: ba ka rusa komai ba. Kwalba biyu a dare ɗaya ba sa mayar da jikin mutum inda yake wata goma sha huɗu baya. Abin da ƙwaƙwalwarka ta gyara a hankali cikin wata tara na ragewa da wata biyar na hutu yana nan daram. Girgiza ta sha, kuma ga shi da bakinka ka ce bayan kwana huɗu abin ya fara lafawa. Wannan lafawar ita ce shaidar cewa ginin yana tsaye. Barcin ma zai dawo hanya, kodayake shi ne yake zuwa a ƙarshe, kuma yana son a yi masa haƙuri na wasu makonni.

Na san abin da wata taran nan suke nufi, domin na taɓa zama kusa da wani ɗan'uwana lokacin da yake yaye jikinsa daga irin wannan ƙwayar. Na gan shi da dare ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur, yana tsaga ƙwaya ɗaya gida huɗu da reza, hannunsa yana rawa, yana tattara ɓurɓushin da ɗan yatsa don kada ya ɓata lissafin da likita ya yi masa. Akwai makon da ko ƙarar cokali a cikin kofi yakan sa ya zabura. Wanda bai gani ba zai ɗauka barin magani ne kawai. Saboda haka ba da wasa na karanta wasiƙarka ba, kuma ba zan yi maka wa'azi ba. Hukuncin giya a addininka da zuciyarka ka fi ni sani. Tambayar lafiya ka kawo, ita zan amsa maka, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba ita kake son ji ba.

Ka ɗauki ƙwaƙwalwa kamar mota mai birki da totur. Birkinta wani sinadari ne da ake kira GABA, shi ke rage wa jijiyoyi gudu, ya sassauta tsoka, ya kawo natsuwa da barci. Totur ɗin kuma wani sinadari ne mai suna gulutamet, shi ke zaburar da su. A jikin mai lafiya su biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Diyazefam da duk danginsa na gidan benzodiyazefin, irin su Xanax da Ativan da Lexotan da Rivotril, aikinsu ɗaya ne: suna manne wa wuraren da GABA ke sauka a jikin jijiya, su ƙara wa birkin ƙarfi. Mako biyu ko uku wannan taimako ne. Idan aka shekara ana danna birki daga waje, sai ƙwaƙwalwa ta ga an yi mata yawa, ta sassauta nata birkin, ta ƙara taka totur don ta ci gaba da tafiya. Ranar da aka janye ƙwayar sai a bar mutum da birki mai rauni da totur a danne. Fargabar da ka sha, da rashin barci, da ƙarar kunne, da kyarmar jiki, duk daga nan suke. Ragewa a hankali da aka sa ka yi dabara ce ta ba ƙwaƙwalwa lokaci ta sake ɗaure birkinta da kanta, kuma wannan ɗaurin ba ya ƙarewa ranar da aka haɗiye ƙwaya ta ƙarshe. Yana ci gaba watanni bayan nan.

To, giya ta wace ƙofa take shiga? Ta wannan ƙofar dai. Ita ma tana ƙara wa GABA ƙarfi a waɗannan wurare, ta kuma ƙara da danne gulutamet. A wajen ƙwaƙwalwarka, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Babbar shaida ita ce abin da ake yi a asibiti: idan aka kawo mashayin da ya daina giya farat ɗaya, jikinsa yana karkarwa, ana tsoron ya faɗi da jijjiga, maganin farko da likitoci ke ɗaukowa shi ne wannan diyazefam ɗin ko ɗan'uwansa Librium, na farkon gidan, wanda Leo Sternbach ya haɗa a kamfanin Roche aka fara sayarwa a 1960, shekara uku kafin Valium. Ana ba mashayi ƙwayar ne saboda tana tsaya wa giya a gurbinta. In ƙwaya tana iya zama a kujerar giya, giya ma tana iya zama a kujerar ƙwaya. A daren nan, tsohon maganinka ka sha a cikin kwalba.

Shi ya sa barcin ya yi maka daɗi haka. Birkin da ya yi wata biyar yana fama shi kaɗai ya ji an kawo masa ɗauki, sai ya saki jiki. Amma giya ba ta daɗewa. Hanta tana kawar da ita a kan kusan kofi ɗaya madaidaici a awa guda, don haka kwalba biyu da aka sha da daddare sukan kusa ƙarewa a jini cikin 'yan awanni. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tun shigar giyar ta fara mayar da martani, tana taka totur. Giya ta fice ta bar totur a danne. Ƙarfe uku ke nan. Ko mutumin da bai taɓa sanin ƙwaya ba yakan ɗanɗani kaɗan daga wannan: giya tana saurin kawo barci, tana danne barcin mafarki a farkon dare, sannan ta yayyanka rabin dare na biyu, a wayi gari da kasala da faɗuwar gaba. Shi da rana ta yi ya warware. Kai da birkinka bai gama ɗauruwa ba, abin da zai ɗauke shi rabin yini sai ya ɗauke ka kwana huɗu. Mutane da yawa da suka rabu da waɗannan ƙwayoyi suna ba da labari irin naka sak, wasu ma a kan abin da bai kai kwalba ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da nake so ka riƙe da kyau. Likitocin da ke kula da mashaya sun daɗe da lura cewa mutumin da ya sha faɗawa cikin wahalar janyewa, wato wahalar da jiki ke sha idan aka bar abin da ya saba da shi, ya daina ya koma, ya daina ya koma, kowace janyewa takan fi ta baya tsanani, har wanda a karon farko kyarma kawai ya yi ya zo yana faɗuwa da jijjiga a karo na biyar. Wasu likitoci biyu a Amurka, Ballenger da Post, su suka fito da wannan bayani a 1978, kuma sunan da ake kiran abin da shi ma'anarsa ƙirare. Itacen da ya taɓa cin wuta ba ya buƙatar hura da yawa kafin ya sake kamawa. Jijiyoyinka sun riga sun ci wuta sau ɗaya, wuta mai tsawo. Duk daren shan giya ƙaramar janyewa ce take biyo bayansa da asuba. Dare ɗaya bai ƙone komai ba. Wanda nake jiye maka shi ne na biyu da na biyar da na goma, musamman in an jera su kusa da kusa.

Yanzu ga tambayarka ta yaushe. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna cewa yau birki ya gama ɗauruwa, kuma mutane sun bambanta ƙwarai. A watan Satumba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta tilasta a sabunta babban gargaɗin da ke jikin duk magungunan wannan gida, kuma a ciki an bayyana cewa alamomin janyewa a wasu mutane kan ɗauki makonni har zuwa sama da wata 12. Farfesa Heather Ashton ta Jami'ar Newcastle a Ingila, wadda ta gudanar da asibitin yaye mutane daga waɗannan ƙwayoyi daga 1982 zuwa 1994, ta kawo ƙiyasin cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda suka daɗe suna sha kan yi fama da alamomi masu jan lokaci bayan sun daina. Wata biyar bayan shekara kusan huɗu, har yanzu kana cikin jinya, ko da kana jin ka miƙe.

In ka yi bincike a intanet za ka ci karo da masu cewa ita Farfesa Ashton ba ta hana ɗan kofi ɗaya ko biyu ba. Haka ne, ba ta hana ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Amma a wuri guda ta ja kunne cewa kada giya ta riƙa hawa yayin da ƙwaya ke sauka, wato kada ta gaje ta. Kuma magana ce ta gaba ɗaya, ga jama'a da yawa. Kai ka riga ka gwada a jikinka, kuma jiki magayi. Ya ba ka amsa a daren nan, ya kuma maimaita maka ita kwana huɗu a jere. Babu littafin da ya san jijiyoyinka fiye da yadda suka nuna maka da kansu.

Hukuncina ke nan, in ka yarda da ni: bana dai babu maganar giya kwata-kwata. Mafi ƙarancin abin da zan iya amincewa da shi ga kowa a matsayinka shi ne ya cika shekara guda cur yana barci lafiya, babu faɗuwar gaba, babu ƙarar kunne, sannan ya zauna da likitansa su tattauna. Kai kuwa musamman, da ƙanena ne kai uwa ɗaya uba ɗaya, cewa zan yi ka bar ta har abada, kuma dalilina yana cikin wasiƙarka.

Jimla biyu ne suka tsaya mini a rai. Ta farko, inda ka ce a da kana sha har ka wuce gona da iri. Ta biyu, wadda ta fi tayar mini da hankali, inda ka ce ka yi barcin da ka daɗe ba ka yi irinsa ba. Ka lura ba ka ce hirar ta yi daɗi ba, ba ka ce ka yi kewar ɗanɗanonta ba. Barcin ka tuna. Mutumin da ya yi wata goma sha huɗu yana juyi a kan gado, sannan ya gano cewa akwai abin da zai kashe masa fitila cikin minti talatin, babu takardar likita, babu mai ƙirga masa, wannan mutumin yana tsaye a bakin rijiya. Ƙwaƙwalwa ba ta mantuwa da abin da ya taɓa kawo mata sauƙi nan take. Za ta ajiye wannan daren, ta goge ƙarfe ukun da gumin, ta bar maka daɗin kawai. Wata rana za a ɓata maka rai a wurin aiki, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko ranar rasuwar mahaifinka ta zagayo, sai ka ji wata murya mai taushi tana cewa kwalba ɗaya kawai, don in samu in runtsa. Kashegari fargaba ta taso, kuma ka riga ka san abin da ke kwantar da ita. Haka ake gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙwayar aƙalla tana da awo, likita yana iya lissafa ta ya rage maka kashi-kashi. Giya ba ta da wannan, kuma ga hanta da ciki da hawan jini da take ci a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili a watan Janairu na 2023 cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutar da lafiya, ga kowa ma, balle mai jinyar jijiyoyi.

Ka ce kana so jikinka ya ɗauki giya kamar na kowa. Na ji ciwon da ke ƙarƙashin wannan maganar. Ka gaji da zama mai lalura, mai lissafin ƙwaya, wanda ake tambaya ya jiki. Kana so ka zauna cikin abokai ka ji ka dawo mutum. Wannan buri ne mai kyau kuma haƙƙinka ne. Sai dai ka auna da abin da ka riga ka samu: yau kana tashi da safe ba ka lalubi durowa ba, kana tafiya ba ka ƙirga ko ƙwayoyin za su kai ka ƙarshen wata ba, kana tuna hirar da ka yi da 'ya'yanka jiya. Dawowa mutum ke nan, kuma da guminka ka saye shi.

Sai maganar ragowar ƙwayoyin durowa. Kada ka sha rabin nan. Na san dabarar da zuciya ke kawowa, cewa rabi ɗaya ne don a daidaita. Zai kwantar da kai na kwana ɗaya ko biyu, ya kuma koya wa ƙwaƙwalwarka cewa ƙofar da ka rufe da ƙyar a buɗe take. In har akwai buƙatar a mayar da kai kan wani magani, likitan da ya san tarihinka ne zai yanke, da idonsa a kanka. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne zaman ƙwayoyin da giya a rayuwar mutum ɗaya. Ka yi tunanin da a daren nan, ƙarfe uku, cikin firgici, ka miƙa hannu ka haɗiyi biyu alhali wataƙila da sauran giya a jininka. Su biyun suna taka birki ɗaya, kuma numfashi ma da wannan birkin yake tafiya. Mutum yakan yi nauyin barci har numfashinsa ya riƙa ja baya, ko ya yi amai yana kwance ya shaƙe bai farka ba. Ga shi kuma jikinka ya daina sabo da su duka biyun, abin da kake ɗauka da sauƙi shekara huɗu baya yanzu yana iya kayar da kai. Diyazefam kuma ba ya saurin fita: shi da abin da hanta ke juya shi ya zama sukan yi kwanaki a jini, har wanda ya sha ƙwaya ranar Laraba ya sha giya ranar Juma'a yana iya zama ya haɗa su bai sani ba. Ka kwashe su gobe ka kai wa likitanka ko mai harhaɗa magunguna su zubar. In ba za ka iya fita da su da hannunka ba, ka ba matarka.

Wannan ya kawo mu kan ɓoyon. Likitanka dole ya ji, kuma a wannan makon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa masa kwalba nawa, wace rana, me ya biyo baya, ka kuma faɗa masa yadda kake sha a da, har da ranakun wuce gona da iri, domin mai yiwuwa ba ka taɓa ba shi wannan labarin cikakke ba. Likitan da ya yi wata tara yana rage maka ƙwaya ya ji irin wannan sau da yawa, ba zai kore ka ba. In bai sani ba, zai ga barcinka ya lalace ya ɗauka wani abu ne daban, har ya rubuta maka maganin da bai dace ba. Ka roƙe shi ya duba bugun zuciyar nan ma, don giya kan iya rikita bugun zuciya a karan kanta, kuma akwai cututtuka irin na maƙoƙo da ke kwaikwayon fargaba. Ka tuna masa, shi da duk wani likitan da za ka gani nan gaba, cewa ka taɓa kamuwa da benzodiyazefin. Magungunan barci irin su zolfidem da zofikulon suna ne kawai ya bambanta, wurin da suke sauka ɗaya ne da na diyazefam. Firegabalin, maganin ciwon jijiya, shi ma yana kama jiki. Kodin da taramadol kuwa ka yi nesa da su, na biyun har jijjiga yana iya tayarwa. Ka riƙa karanta jikin kwalbar maganin tari da na ƙarin jini, wasunsu da barasa a ciki.

Matarka kuma, kai ka san gidanka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ka yi tunani: matar da ta kwana kusa da kai wata goma sha huɗu kana juyi, kana tsammanin ba ta lura da kwana huɗun nan ba? Ta gani. Abin da ba ta sani ba shi ne dalili, kuma wataƙila tana can tana zargin kanta ko tana tsoron ciwon ne ya dawo. Za ta iya jin zafi in ka faɗa mata, ta yi fushi na kwana biyu. Wannan ya fi sauƙi a kan ta gano da kanta a karo na uku. Shaye-shaye a ɓoye yake ƙiba. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci ka ce mata: na yi kuskure sau ɗaya, na ji a jikina, ina so ki sani don ki taya ni tsarewa.

Ba zan karɓe maka kwalba in bar ka hannu wofi ba, domin abin da ya kai ka ga ƙwayar tun farko yana nan. Rashin barcin da ya daɗe yana da magani wanda ba na haɗiya ba, kuma shi manyan ƙungiyoyin likitoci suke sa wa a gaba kafin kowace ƙwaya. Horo ne na gyaran tunani da ɗabi'ar barci, ana yinsa da masanin halayyar ɗan'adam cikin zama kamar shida zuwa takwas. A ciki za a sa ka tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum ko da daren ya yi muni, ka daina kwanciya sai barci ya zo da gaske, in ka yi kamar minti ashirin ido biyu ka tashi daga gadon ka zauna a wuri mai ƙarancin haske har ya sake zuwa, ka kuma bar ramuwar barci da rana. Makon farko da wuya, ba zan yi maka ƙarya ba, amma amfaninsa yana zama bayan an gama. Fargaba ma tana da irin wannan horon, kuma in ta yi tsanani akwai magunguna irin su sataralin waɗanda ba ta ƙofar GABA suke bi ba, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kuma su ma da likita ake farawa da dainawa. In ka ga sha'awar giyar tana yawan taso maka, ka faɗa, akwai magungunan rage ta irin su naltirekson, akwai kuma ƙungiyoyin masu taimakon juna da suka daina sha.

Akwai kuma mahaifinka. Ka ce bayan rasuwarsa barci ya gudu, sai aka ba ka ƙwaya. Waɗannan magunguna suna dusashe ji, har da baƙin ciki, kuma mutane da yawa sai bayan sun daina suke tarar da makokin da ba su gama ba yana jiransu a inda suka bar shi. Mai yiwuwa wani kaso na abin da ke tashe ka da dare kewar uba ce da ba ta samu hanyar fita ba shekara huɗu. Ka samu wanda za ka yi maganarsa da shi, ɗan'uwa ko aminin da ya san shi, ko masanin da zai yi maka horon barcin. In hawaye ya zo ka bar shi ya zuba.

Abokan nan kuma, ba sai ka yi musu dogon bayani ba. Likita ya hana ni, ya wadatar. Wanda ya ce haba, ɗaya kawai, bayan ka faɗa masa haka sau biyu, ka rage zama da shi a inda ake sha, ku haɗu da rana a wani wurin. Watannin nan masu zuwa ma gara ka ƙaurace wa irin wannan zaman gaba ɗaya, don ƙarfin hali yakan ƙare da dare.

Dole in ƙara wannan saboda kai da sauran masu karatu. In jijjiga ta kama mutum, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko yana ganin abin da babu, ko ƙirjinsa yana ciwo, ko tunanin kashe kansa ya fara zuwa masa, asibiti za a nufa a lokacin, ba a jira safiya. Wanda aka tarar ya haɗa giya da ƙwaya ba ya farkawa, a kwantar da shi a gefensa, kada a bar shi shi kaɗai wai ya yi barci ya warware, a nemi agajin gaggawa. Wanda har yanzu yake shan ƙwayar kullum, kada wasiƙar nan ta sa ya watsar da ita yau: dainawa farat ɗaya tana iya kawo jijjiga har ta kashe, ana ragewa ne kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan mako biyu ko fiye, a hannun likita. Haka ma wanda giyar ta riga ta zame masa ta kullum. Kai ma, ɗan'uwa, in abin ya wuce dare ɗaya da kwalba biyu, in ka rage mini lissafi don kunya, ban riƙe ka ba, amma kada ka rage wa likita, don janyewar giya takan fara cikin awa 6 zuwa 24 kuma mafi haɗarinta yakan zo a kwana na biyu zuwa na uku.

In yau ma ka farka ƙarfe uku, kada ka duba agogo sau biyu, kada ka ɗauki waya. Tashi ka zauna, ka sha ruwa, ka ja numfashi ta hanci a hankali ka sake shi ya fi shigarsa tsawo, ka faɗa wa kanka cewa totur ne bai gama sauka ba kuma jiya ya fi yau tsanani. Da safe ka tashi a lokacinka ko da awa uku ka samu, ka fita ka taka ƙasa cikin hasken rana, ka kira asibiti ka karɓi ranar ganin likita, ka sa ƙwayoyin nan a aljihu ka tafi da su. Bayan wata ɗaya ka sake rubuto mini, ina so in ji yadda barcin yake da kuma abin da matarka ta ce.